Fitilar Bakin Ƙofa

Sunana Tabita, 'yar Ɗanjuma mai tufkar igiya a Bomo, kuma idan rana ta faɗi ba na gani. Na sa shi a layin farko ne don ku sani tun yanzu, tunda mutumin da ya fi kowa cancanta ya sani na yi wata bakwai cur ina ɓoye masa. Wanda zai zage ni ya ɗan haƙura ya kai ƙarshe, ni ma na riga na zagi kaina son raina.

Da rana ras nake. Ina zura zare a allura, ina ɗinka rigunan matan coci, ina karanta wasiƙa. Sai dai ganin nawa ya fara tsukewa, abin da ke gabana sosai nake gani, na gefe kuwa sai na juya kai gaba ɗaya. Da almuru ta yi shi ke nan, komai ya rufe, fitila kaɗai nake hangowa ɗigo-ɗigo, tsakaninsu baƙi ƙirin. Dundumi ake ce masa. Na sauran mutane da hanta ake warkar da shi, ni kuwa na ci hanta har warinta yana tayar min da zuciya, ko gezau. Namu na gida ne. Haka Baba ya fara, yau shekararsa tara bai ga fuskar ɗayanmu ba. Haka yayata Doguwa ta fara, saurayinta na Palladan ya ji labari, ya aiko aka kwashe kayansa har da sabulun da aka fara wanka da shi. Yanzu tana ƙauye wurin gwaggonmu tana surfe.

Shi ya sa ranar da Inna ta kama ni ina lalube bayan randa, ba ta yi kuka ba. Hannuna ta damƙe ta ja ni bayan rumbu.

"Wa ya sani?"

"Ba kowa, Inna."

"To ki haɗiye shi. Ko babanku kada ya ji, zuciyarsa ba za ta ɗauki na biyu ba. Ki rufe bakinki har a ɗaura, auren coci ba a kwance shi. In an ɗaura, sai ya san yadda zai yi da ke."

Wanda zai san yadda zai yi da ni ɗin shi ne Kefas. Malamin gona ne a gidan gona na Samaru, aikinsa auna auduga da gyaɗa yana rubutawa a littafi. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaurenmu, kullum cikin gajeren wandon kaki da safa har gwiwa, alƙalami biyu a aljihun riga kamar ɗaya ba ya isa. Ba shi da yawan magana, amma in ya kama takarda sai ya zama wani mutum. A cikin littafin waƙoƙina yake saƙa min wasiƙa ranar Lahadi, a bayan takardar awon iri. Ina son sa, jama'a. Ba don ya cece ni ba, ko da idona garau ne shi zan zaɓa.

A farkon daminar 1957 aka sa rana, aka ce za a kira sunanmu a coci Lahadi uku a jere kamar yadda ake yi, in ba wanda ya kawo dalilin hanawa sai a ɗaura. Ranar kira na farko na buɗe littafina na tarar da wannan:

"Tabita, an ba ni ɗaki biyu a kwatas, lamba tara. Babu lantarki, wannan sai gidajen Turawa. Ba na son fitilar ƙasa da za a yi ta shuri, ta bango nake so. Ranar Talata ina da hutun rabin yini, mu je Sabon Gari ki zaɓa da kanki, tunda ke za ki zauna da su. Yaya Edith za ta raka mu. Naki, K."

Na karanta sau uku, wata dabara tana tsirowa a raina. Na ce in dai ni zan zaɓa, ni zan ce inda za a kafa, to zan iya zama a ɗakin nan shekara guda ba wanda ya gane.

Bari in gaya muku wace ce Yaya Edith. Ita ta riƙe Kefas tun iyayensu suka rasu, ita ta sa shi makaranta, saboda haka ita ce uwa, ita ce uba, ita ce suruka. Reno take yi a gidan wani Bature. Rigarta fara ƙal da guga har tana iya tsayawa da kanta, takalminta na roba fari, ga laima ko hadari babu. Kowace magana tata sai ta bi ta gidan Madam, matar Baturen, kafin ta iso. Tun ranar farko na lura ba fuskata take kallo ba, ƙafafuna take kallo in ina tafiya.

Ranar Talata na ɗaura zanena mai ruwan ganye, na sa farar rigar da na ɗinka da leshi a wuya, muka hau motar itace zuwa PZ, unguwar kantuna ta bakin Sabon Gari. Rana tsaka, haske ko'ina, ina tafe ina taƙama kamar kowace budurwa. Muka bi ta bayan manyan kantuna zuwa rumfar wani Amaechi mai sayar da fitilu da bokitai. A nan abin ya fara lalacewa. Rumfar doguwa ce, ba taga, ina sa ƙafa daga cikin rana sai idona ya mutu gaba ɗaya. Na tsaya a bakin ƙofa ina gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi, ina jira ganin ya dawo.

"Amariya, shigo mana, zo ka duba kaya!" in ji Amaechi daga can ciki. "Sabo-sabo, jiya ya sauka daga jirgi."

Na bi muryarsa. Taku biyu na yi, na yi ƙwallo da jerin bokitai, suka watse da ƙara kamar ana biki. Amaechi ya yi dariya ya ce ba komai, amarya ce, kunya ce. Kefas bai yi dariya ba. Ya matso kusa, ya rage murya yadda yayarsa ba za ta ji ba.

"Tabita, idonki lafiya kuwa?"

Ku riƙe wannan tambayar, za ta dawo. A lokacin bakina ya buɗe, gaskiyar ta zo har maƙoshi, sai na tuna sabulun Doguwa.

"Lafiya lau, Malam. Rana ce ta kashe min ido."

Ya ce to. 

Da ganin ya dawo na ga fitilun a jere a jikin katako. Kowace tana da ɗan tulun kananzir, da lagwani, da dogon ƙwai, sannan da faranti a baya mai mayar da haske cikin ɗaki, da ƙugiyar ratayewa a ƙusa. Yaya Edith ta riga ta ɗauki biyu masu ƙwai ruwan hoda da zanen fure.

"Waɗannan za a ɗauka. Ɗaya dama, ɗaya hagu, hoto a tsakiya. Haka na gidan Madam suke, sai dai nata na lantarki ne."

Na karɓi ɗaya na ɗaga. Kyau kam akwai, amma wannan ƙwai mai launi rabin hasken zai cinye. Na ajiye a hankali na nuna farare, marasa ado, irin na ɗakin jira a tasha.

"Waɗannan nake so, Yaya. Guda huɗu."

"Huɗu? A falo ɗaya? Coci za ki buɗe?"

"Ɗinki nake yi, Yaya, wani lokaci har bayan magariba."

A can ƙarshen katakon na hango wata ita kaɗai, maimakon farantin kwano madubi ne a bayanta. Na roƙi Amaechi ya kunna min. Ko a cikin rumfar nan mai duhu ta fi sauran haske ninki biyu, har na ga zanen tabarmar da ke ƙasa. Na ce uku masu kwano, ta huɗun wannan. Amaechi yana naɗe su a jarida yana ba Kefas shawara, a kafa sama da kai don kada wani ya buge, a nisanta da labule, kada a matsa kusa da silin hayaƙi ya ɓata shi, kada a sa saitin taga iska ta yi ta kashewa. Kefas yana gyaɗa kai kamar zai rubuta a littafin awo. Yaya Edith kuwa ta mayar da masu furenta ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Asabar da la'asar muka je kafawa. Ɗakin ya yi min, ba zan ɓoye ba. Matakala biyu a bakin ƙofa, falo mai daɓen siminti, farar ƙasa a bango, ƙofar uwar ɗaki a hannun hagu, madafa a waje ta baya. Kefas ya riga ya kawo tebur da kujeru biyu, ya aro guduma wurin Toma, abokin aikinsa magidanci da ke lamba goma. Na ciro allin ɗinkina daga bakin zane na fara sa alama. Ɗaya a kusurwar da randa za ta zauna, ɗaya a gefen ƙofar uwar ɗaki, ɗaya a saitin tebur. Ta huɗu, mai madubin, dab da ƙofar fita, ta hannun dama. Duka a daidai kafaɗata.

Kefas ya tsaya kusa da alamar ya auna da jikinsa, ya yi murmushi.

"Wannan ai ƙirjina ce. Mai kanti ya ce sama da kai."

"Mai kanti ba shi zai zuba kananzir ba, Malam. In ka kafa a saman kanka, kullum sai na hau kujera."

"To ita wannan mai madubin fa? Ita ta fi kyau, ai a tsakiya ya kamata a gan ta. Me za ta yi a bakin ƙofa?"

"Don baƙo ya ga matakala."

Ƙarya tana zuwa min da sauƙi a kwanakin nan, har ina mamakin kaina. Dabarar ita ce, in duhu ya yi, ba sai na ga ɗakin ba. Haske mafi ƙarfi shi ne ƙofa, sauran ukun su ne randa da uwar ɗaki da tebur. Daga fitila zuwa fitila zan riƙa tafiya, kai tsaye, ba lalube. Kefas ya buga ƙusoshin a inda na ce, ya rataye su, ni kuwa na ɗauki tsintsiya wai ina share ƙurar bango, alhali taku nake ƙirgawa. Shida daga ƙofa zuwa tebur, huɗu daga tebur zuwa randa.

Yaya Edith tana zaune a kujera da laima a cinya. Ta bi fitilun da kallo ɗaya bayan ɗaya, a hankali, sannan ta ce,

"Na taɓa ganin irin wannan jeri."

"A gidan Madam?" in ji Kefas.

"A'a. A Bomo. Ɗakin babanku, Tabita. Alkukansa duk a ƙasa-ƙasa suke, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya wurin randa, ɗaya a ƙofar ciki. Ranar da muka kai gaisuwa na ce, ikon Allah, wane magini ne ya yi wannan?"

Tsintsiyar ta tsaya a hannuna. Alkuki shi ne ɗan kogon da ake rarakewa a bangon ƙasa don ajiye fitila, kowane gida akwai ɗaya, can sama. Namu huɗu ne. Baba da kansa ya raraƙe su da wuƙa lokacin da idonsa ya fara tafiya, ina ƙarama ina tsaye ina kallonsa. Na tashi a cikinsu har na daina lura da su. Ashe duk wayon da nake ganin na ƙirƙiro, ɗakin Baba na kwafo na manna a bangon Kefas, na kuma kira yayarsa ta zo ta gani.

"Sabo ne kawai, Yaya," na ce.

"Haka ne," in ji ta. "Abin gida ai ba ya ɓuya."

Da na koma gida na samu Inna tana tankaɗe, na durƙusa na ce mata zan faɗa masa. Ta ajiye rariyar.

"Ki faɗa masa me? Saura kira biyu. Kwana goma sha biyar ba za ki iya riƙe bakinki ba?"

"Yayarsa ta gane, Inna."

"Zato take. Zato ba ya hana aure. Ke kin san abin da na gani? Na ja babanku shekara tara, na kai Doguwa ƙauye da hannuna. In na mutu wa zai ja ku, ku uku? Ki dube ni da kyau tun kina iya ganina, Tabita. Ban roƙe ki komai ba tunda na haife ki, wannan nake roƙo."

Duk da haka na rubuta. Shafi guda, ban ɓoye komai ba, har Doguwa na sa a ciki. Na ninke na saka a littafin waƙoƙina, na ce in mun yi musayar littafi bayan sujada shi ke nan. Sai Fasto ya miƙe ya buɗe takardarsa ya ce, Kefas da Tabita, kira na biyu. Mata suka juyo suna min murmushi, wata ta mintsine ni a cinya. Na hango Kefas a layin maza ya sunkuyar da kai, kunnuwansa kaɗai ke nuna yana jin daɗi. Jama'a, na zare wasiƙar na cusa a cikin rigata. Wannan ba Inna ba ce, ni ce. Na so in ƙara jin sunana kusa da nasa sau ɗaya.

Tasa wasiƙar ta ranar gajera ce. "Yaya ta ce Juma'a bayan an tashi aiki za a yi addu'ar ɗaki, ki zo da Inna, ke za ki ba da shayi. K." Babu naki a ƙarshe. Na lura, na ce sauri ne.

Inna ta yi ta mita a hanya, wai a ina aka taɓa ganin amarya ta je ta yi hidima a ɗakinta tun ba a kai ta ba, wannan bidi'ar gidan Turawa ce. Na sa zanena mai ruwan ganye, na yi kitso sabo. Mun isa wajen ƙarfe biyar, da sauran haske duk da hadari ya haɗu a gabas. Abu na farko da na duba fitilu ne. Huɗu, kowace a kan ƙusarta, mai madubin a bakin ƙofa. Na yi ajiyar zuciya. Matar Fasto ta zo da wasu mata biyu na coci, Toma ya leƙo ya zauna, Yaya Edith ta fito da butar shayi ta tangaran da kofuna shida da ta aro.

"Ku je madafa ke da Inna, itacen ɗanye ne, sai an yi haƙuri. Kefas zai kunna fitilu."

Itacen kam ɗanye ne. Muka yi ta fifita, hayaƙi yana cika mana ido, rana tana tafiya ina kallo. Ina durƙushe na ji bugun guduma sau uku, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na ce a raina matar Toma ce ke gyaran wani abu. Kafin ruwan ya tafasa duhu ya rufe ni ruf.

"Ki natsu," in ji Inna a kunnena. Ta ɗora min tire a hannu, ta kama bakin zanena ta baya kamar tana gyarawa, ta kai ni har matakala.

Ɗaya, biyu, na hau. Taku shida, gwiwata ta taɓa tebur. Na ajiye, na gaishe da kowa ta inda muryarsa ta fito, na zuba shayi ina jin nauyin kofi a hannuna, na juya nan, na juya can ina miƙawa. Ko ɗigo ban zubar ba. Matar Fasto ta ce kai, amaryar nan akwai natsuwa. Har na fara jin daɗi, har na fara cewa a raina, Yaya Edith, sai ki nemi wani zaton.

"Tabita," in ji ta, "shayin nan bai nuna ba. Ɗauki butar ki mayar kan wuta."

Na ɗauki butar da hannu biyu, da zafinta, rabi a cike. Juye-juyen miƙa kofi ya sa na rasa gabas da yamma, amma ban damu ba, ai don haka na sayi mai madubi. Na ɗaga kai na nemi haske mafi ƙarfi. Ga shi can. Ya ɗan yi min sama fiye da yadda na sani, na ce ruɗu ne. Na miƙe kafaɗa na nufe shi da saurin mai gani, don kowa ya shaida.

Bango na tarar. Butar ce ta fara isa, ta fashe a ƙirjina, sannan goshina ya bi. Shayi mai zafi ya gangara cikin rigata har ciki. Na ji wata ta ce Yesu, na ji kujera ta faɗi, na ji Inna ta yi wani ɗan sauti da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ni ban yi ihu ba. Abin da ya fi ƙunar ciwo shi ne, ina tsaye a gaban mutum bakwai ban san inda ƙofa take ba.

Na ɗora tafin hannu a bango na fara bi, abin da na yi wata bakwai ina gudun a gani. Na wuce kusurwa, na ci gaba, har yatsuna suka taɓa katakon ƙofa. A gefensa, daidai kafaɗata, na ji ƙusar da na sa wa alama da allina. Ba komai a kanta.

"Wa ya ɗauke fitilar nan?" na ce.

 Na jira in ji Yaya Edith, na ma shirya abin da zan ce mata. Sai na tuna tsayin da hasken yake, can sama kusa da silin. Yaya Edith ba ta fi ni tsawo ba.

"Ni ne," in ji Kefas.

Daga bayana muryar ta fito, kusa sosai. Ashe ya taso, ya tsaya, bai taɓa ni ba.

"Malam, da ka tambaye ni."

"Na tambaye ki. A rumfar Amaechi. Kin ce rana ce."

Na sauke hannuna daga kan ƙusar. 

"Na yi ta addu'a ki wuce ta ƙofa," ya ce. "Na ce wa Yaya za ki wuce, za ta ji kunya. Tabita, tun yaushe?"

"Tun kafin ka fara zuwa zaurenmu."

Na ji ya ja numfashi ya koma baya taku ɗaya. Yaya Edith ta yi gyaran murya, ba da fushi ba, da ma da fushi ne da ya fi min sauƙi. Ta ce wa matar Fasto, Mama, kin gani da idonki, a gaya wa Baba Fasto a dakata da kira na uku har dangi su zauna. Inna ta fara magana, ta ce yarinya ce, laifina ne, ni na hana ta. Ba wanda ya amsa mata. Sai ta zo ta ɗauki hannuna ta ɗora a kafaɗarta, yadda take yi wa Baba in za su coci. A gaban kowa.

Muna bakin ƙofa Kefas ya ce, "Akwai matakala. Biyu ne."

Na sani. Ni na ƙirga su. Amma na tsaya na bari ya gama faɗa, don ban san ko zan sake jin ya damu da inda zan sa ƙafa ba.

Ranar Lahadi na je coci da man kaɗanya a ƙirji da ƙulu a goshi. Inna ta ce in zauna a gida, na ƙi. Da safe ai ina gani, kuma na so in gani. Na ga wurin Kefas a layin maza ba kowa. Na ga Fasto ya buɗe takardarsa, ya karanta sanarwar aikin gayya da ta taron mata, ya ninke ya sa a aljihu. Matar da ta mintsine ni makon jiya ta yi ta kallon silin. Baba yana gefen maza da sandarsa tsakanin gwiwoyi, kansa a karkace yana saurare, har aka yi addu'ar rufewa bai motsa ba.

Da la'asar Toma ya zo a keke. Bai shigo ba, ya miƙa wa Inna ƙunshi a zaure ya ce saƙo ne daga lamba tara, ya juya. Jaridar Amaechi ce, na gane ta. Inna ta ajiye a tsakar gida ta shige madafa, na ji tana hura wutar da ta riga ta kama.

Baba yana zaune a tabarmarsa yana tufka. Ya ajiye igiyar ya miƙo hannu.

"Kawo nan, Tabita."

Na kai masa. Ya warware takardar, ya bi su da yatsu, tulun, lagwanin, ƙwan, farantin baya. Ya daɗe yana shafawa.

"Masu kyau ne. Ki sa a kafa miki su a ɗakinki, ƙasa-ƙasa, daidai kafaɗa. Kada ki bari a yi miki gwaninta a kai su sama."

"Baba..."

"Tun bara nake jin tafiyarki da almuru. Tawa ce sak. Na yi shiru ne don uwarki tana ganin ban sani ba, abin da ya rage mata ke nan." Ya ɗaga ɗaya ya auna nauyinta a tafinsa. "Ni alkukaina shekara huɗu suka yi min aiki. Waɗannan sun fi haske, wataƙila ki samu biyar."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Kukan da ban yi a Samaru ba, ban yi a coci ba, shi ya zo, ya bar ni na yi abina bai ce in daina ba. Hannunsa yana cikin takardar yana ta lalube, ya bi ta wannan gefe, ya koma wancan.

"Uku na ji," ya ce. "Ba huɗu kika ce kun saya ba?"

Na share ido na jawo ƙunshin. Na zazzage jaridar, na buɗe kowane ninki, babu wasiƙa, ko layi ɗaya. Uku ne, duka masu farantin kwano. Mai madubin, ta bakin ƙofa, bai aiko da ita ba.